Shekarar da Na Bar Tuƙi Na Kama Tsumma

Zara'u, Laminu, Abdu, da ke Mariyama auta, wannan babin naku ne fiye da sauran. Na san abin da kuka taso kuna ji a cikin Gure game da yadda na bar aikin furoje, kuma na lura babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ko don kunya ko don tausayi. Ni ma ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku ba. Yanzu gemu ya yi fari fat, rubutun ma sai na jawo takarda kusa da hanci, don haka gara in faɗe shi yadda ya faru tun ina iya riƙe alƙalami.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shofer a wani furoje, wato shirin tsayar da tudun rairayi da ke cinye gonaki da kwaruruka. Farar katkat nake ja, irin motar nan mai ratsa yashi. Ni ke kai ma'aikata Kelle da Bune da Gidigir, inda mutanen ƙauye suke kafa shingen rassan kalumbo a kan yashi, in jira su, in dawo da su. A lokacin shofer na furoje mutum ne a gari. Idan na tsaya bakin kasuwa, mahauta ne ke fara gaishe ni. Shugabarmu wata mata ce daga Tawa, Madam Ramatu, mai ƙarancin magana da son tsabta. Ita ce ta fara cewa motata ta fi ofishinta kyan zama, domin ban taɓa kwana da datti a cikinta ba. Duk inda muka dawo, sai na fitar da tapi, wato shimfiɗar ƙasan mota, na kakkaɓe, na goge kujeru, kafin in tafi gida. A wancan lokacin ban ɗauki wannan a matsayin sana'a ba. Hali ne kawai, kamar yadda wani ba ya iya barci sai ya wanke ƙafa.

Wata la'asar muna dawowa daga Kelle, mu huɗu a mota, na karya wata kwana da na sani kamar tsakar gidanmu. Sai kawai na ga jaki a gaban mota, da mace a kansa, da goyo a bayanta. Ban ga fitowarta ba. Ba ta faɗo daga sama ba, tana tafe ne a gefen damana tun daga nesa, a fili fetal babu ko kargo ɗaya da zai kare ta. Na murɗa mota cikin yashi, muka tsaya da ƙyar. Jakin ya zabura, matar ta riƙe wuyansa, ta juyo ta dube ni, ta ci gaba da tafiyarta. Waɗanda ke baya suka yi dariya suka ce yashi ya ja ni. Na bar su a haka. Amma ni na san ba yashi ba ne. Watanni kafin nan ina tuntuɓe da buta a tsakar gida, ina buge kafaɗa a bakin ƙofa, ina cewa gaggawa ce.

Bayan sati biyu na nemi izini na tafi Damagaram wurin likitan ido. Ya duba ni, ya sa ni in kalli hancinsa yana motsa yatsu a gefe, ya tambaye ni ko nawa ne. Ban ga yatsun ba ma balle in ƙirga. Ya ce ruwan cikin idona ya yi yawa yana danne jijiyar gani, yana cin gefe-gefe yana tahowa tsakiya. Abin da ya tafi ya tafi, amma idan na riƙa ɗiga magani safe da yamma za a iya tsare sauran. Sai ya tambayi sana'ata. Da na faɗa masa, ya ajiye alƙalaminsa ya daɗe yana kallona.

Da na dawo, mutum biyu na gaya wa: uwarku Fanna, da yayana Mutari, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Muna zaune a zaure bayan azahar, uwarku tana daga cikin ƙofa tana jin mu.

"Wa ya sani ban da mu?" in ji Yaya Mutari.

"Likita."

"Likita yana Damagaram, kai kana Gure. Kana karatu, kana gane mutane, kana tafiya ba sanda. Ka riƙa tafiya a hankali, shi ke nan. Isufu, 'ya'ya huɗu gare ka. Irin wannan aiki ba a ajiye shi da hannu."

"Yaya, matar nan da goyo take."

"Ai ba ka taɓa ta ba. Allah ya tsare, kuma zai ci gaba da tsarewa."

Rabin zuciyata tana tare da shi. Sai bayan ya tafi uwarku ta fito ta ɗauke kwanon ruwa, ta tsaya a kaina.

"Malam, ni ban san aikin mota ba," ta ce. "Abin da na sani, in ka ci gaba, kullum ka fita ni ce zan zauna ina sauraron wanda zai yi sallama da labari. Gara mu sha kunu da kai a gida."

Kwana tara na ƙara ina tuƙi bayan wannan magana, kuma ba na alfahari da kwanakin nan. A na goma na shiga biro, wato ofishinmu, na ajiye makulli da takardar likita a gaban Madam Ramatu. Ta karanta, ta ce in zauna. Ta ce za ta iya bar ni in riƙa zirga-zirgar cikin gari kawai har ƙarshen shekara. Na ce mata cikin gari ne yara suka fi yawa. Sai ta miƙe ta raka ni har bakin ƙofa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba.

Wannan ita ce gaskiyar barina aiki. Ba a kore ni ba, kuma ba a kama ni da satar bidon gazuwal ba, wato jarkar man mota, kamar yadda aka riƙa faɗa a tasha. Na gaya wa mutane ido ne, amma wa zai yarda? Suna ganina ina karanta Alƙur'ani a masallaci, ina gane su tun daga nesa idan suna gabana sosai. A wurinsu makaho shi ne mai sanda da ɗan jagora. Mutum lafiyayye ya bar farar mota da kansa, wannan bai shiga kan kowa ba, sai suka nemo dalilin da ya shiga. Zara'u, ke ce kika fi shan wannan. Kina kwaleji a lokacin, kuma na lura kin daina bin hanyar tasha, kina zagayawa ta bayan kasuwa ko da rana ta take. Na gani, na yi shiru, domin ban san abin da zan ce miki ba. Ya kamata in kira ki in nuna miki takardar likita. Ban yi ba, ki yafe mini.

Damina ta zo na yi noma a gonarmu ta gado, aka samu gero daidai gwargwado. Bayan kaka sai zama. Ban taɓa sanin rana tana da tsawo haka ba. In tashi, in ɗiga magani, in zauna gindin dalbejiyar ƙofar gida, in ji ƙarar mota daga nesa in gane ko ta wane ce da abin da ke damun injinta. Uwarku ta kama sayar da ƙuli-ƙuli da turaren wuta, wanda ta koya wurin kakarta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma ni na ga yadda nama ya ɓace daga miya.

Ana tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum, sai ga Bukar ya tsayar da mota a ƙofar gida. Bukar abokina ne tun muna apranti, yaran mota a hannun shofer ɗaya, muna kwana a kan kaya. Shi ya tsaya a motar haya, yana jan wata tsohuwar mota ta wani Alhaji tsakanin Gure da Bune. Tun kafin ya kashe inji na ji abin da ya kawo shi. Wari ne mai nauyi, mai maiƙo, wanda yake manne wa mutum a maƙogwaro, ga kuma ƙamshin turaren fesawa a kansa, wanda ya ƙara ɓata lamarin.

"Isufu, na shiga uku," ya ce tun bai gama gaisuwa ba. "Wata Bafulatana ta shigo da bidon man shanu daga kasuwar Bune, ta tura shi ƙarƙashin kujera. Rana ta narkar da shi, murfi ya buɗe. Sati uku ke nan. Na wanke, na goge, na fesa turare kwalba biyu. Fasinja sai su leƙo su ja da baya, su ce za su jira ta gaba. Jiya wata mai ciki ta yi amai tun ba mu fita gari ba. Alhaji ya ce in ba ta gyaru ba zuwa ranar kasuwa in ajiye masa makullinsa."

"Ka kai wa masu wanki a tasha?"

"Sun watsa mata ruwa ciki da waje. Yanzu ga warin mai, ga warin ruɓa."

Ya ce ya tuna yadda nake riƙe motar furoje, shi ya sa ya zo. Yana faɗa yana kallon ƙasa, don yana tsoron kada in ji ya raina ni. Gaskiya na ji wani abu ya soke ni. Amma na buɗe ƙofar baya na sa kaina ciki, na shafa kujera, na ji yadda yadin ya yi danƙo, na danna tapi na ji ruwa ya taso tsakanin yatsuna. Sai na ji hannuna yana son aikin tun kafin zuciyata ta yanke shawara. Na ce masa ya matsar da ita ƙarƙashin dalbejiya, ya bar mini kile, wato sifana ta kwance kujeru, ya dawo bayan kwana uku.

Ranar farko ban taɓa ruwa ba. Na kwance kujerun gaba ɗaya na jera su a kan tabarma, na ɗaga tapi, na ɓalle murafen ƙofofi. Abin da ke ƙarƙashin kujerun motar haya sai wanda ya gani: ƙwallon dabino, ɓawon gyaɗa, guntun goro da ya bushe ya zama dutse, kashin awaki, ɗan kunne guda, allurar ɗinki, da yashi wanda ya kusa cika bokiti biyu. A wani lungu inda ruwan masu wanki ya kwanta, har gero ya tsira, fari sol don bai ga rana ba. Na share da tsintsiya, na bi da buroshi, sannan na aro famfon iska wurin mai faci na hure duk wata kafa da tsintsiya ba ta shiga. A nan na gano wani abu da ya faranta mini rai. Cikin mota ba ya bukatar ganin gefe. Komai yana gaban hancinka, taku ɗaya, kuma ba ya motsi. Abin da ido ya tsallake, yatsa zai same shi. Da yatsa da hanci na bi sawun man nan, na tarar ashe bai tsaya inda ya zube ba. Ya bi wani ɗan kwari a ƙarfen ƙasan mota ya gangara baya, ya shige ƙarƙashin wani abu mai kauri kamar bargo da ake shimfiɗawa kafin tapi, ya taru a ramin da ake ajiye tayar safaya. Can ne gidan warin. Duk wankin da aka yi a sama aka yi shi.

Da safe rana ta biyu na haɗa ruwan sabulu na fara dirza. Ina dirzawa man yana bin tsumma yana ƙara yaɗuwa, wuri ya yi fari-fari yana santsi. Na canza ruwa sau uku babu abin da ya canza. Uwarku ta fito da tsintsiya za ta share ƙofar gida, ta tsaya tana kallona.

"Malam, da ruwan sanyi kake wanke man shanu?"

"Da sabulu ne a ciki."

"Ko da sabulun Makka ne. Tashi ka ba ni wuri."

Ta koma ciki ta fito da toka cike da ƙwarya, ta tankaɗe ta, ta barbaɗa a duk inda man ya kwanta har ƙarfe ya ɓace. Ta ce in tura motar rana ta buga ta, man ya narke toka ta shanye. Na kira maƙwabta biyu muka tura. Kafin azahar tokar ta yi baƙi ta dunƙule, muka kankare da guntun faranti, muka sake zuba wata. Sai a karo na uku ta tashi a bushe. Sannan ta ɗora babbar tukunya, ta jefa kanwar Gidigir a ciki, ta ce da wannan ake wanke ƙwaryar mai tun kafin a haife mu. Ruwan kanwa mai zafi, sai sabulu, sai ɗauraya, sai a tsane da busasshen tsumma nan take don kada ƙarfe ya yi tsatsa. Da na shafa wurin da tafin hannu na ji yana ƙara ƙii, babu santsi, na ɗaga kai na dube ta. Ta ce in daina kallonta in kama kujeru.

Ina kwance rub da ciki a cikin motar, ƙafafuna a waje, ina sa tsumma a ramin taya, sai na ji sallamar Yaya Mutari. Na fito da toka har gira. Mutum uku ko huɗu suna tsaye nesa kaɗan suna kallo, irin kallon da ake yi wa wanda ya faɗo daga sama.

"Isufu, me nake gani haka?"

"Motar Bukar ce, Yaya. Mai ya zube."

"Na ga mota. Kai nake tambaya. Ɗan gidanmu, wanda manyan mutane ke zama bayansa, yau kai ne kwance cikin dattin ƙafafun mutane, a bakin hanya, da matarka tana taya ka? Ba ka ji abin da ake faɗa a kanka ba, za ka ƙara musu?"

"Abin da ake faɗa ƙarya ne, Yaya. Wannan kuwa aiki ne."

"In abinci ne babu, ka zo ka ɗebi gero a rumbuna."

"Na gode. Ba yunwa ba ce. Zama ne ya ishe ni."

Ya juya ya tafi bai yi sallama ba. Na san don kishina ya yi, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa cewa sana'ar nan ta yi masa daɗi ba. Amma a shekarunsa na ƙarshe a rumfata yake wuni, yana shan shayi yana gaya wa masu motoci cewa kada su shiga da takalmi mai laka bayan an gama.

Kujerun sun fi komai cin lokaci. Yadin kujera ba a jiƙa shi sharkaf, domin soson da ke ciki in ya sha ruwa sai ya yi sati bai bushe ba, kuma shi ne ke kawo warin ruɓa. Kumfa kawai ake ɗiba a buroshi, a dirza a hankali, a goge da tsumma mai ɗanshi, a matsa gaba. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta baya ce ta gagara, wadda bidon ya buɗe a ƙarƙashinta. Na farke ɗinkin ƙasa na tarar soson ya sha mai har tsakiya, ya zama rawaya. Babu tokar da za ta ciro wannan. Na yanke wurin da wuƙa na jefar, na zauna ina tunanin inda zan samu soso a Gure a ranar. Uwarku ta shiga ɗaki. Sai ga ta da guntun soso mai faɗin tafi huɗu, ta yanko shi daga ƙafar katifarta ta aure. Na ce mata me ya sa. Ta ce ita gajeriya ce, ƙafarta ba ta taɓa kaiwa can ba. Ita ta ɗinke kujerar da babbar allura, ɗinkin da har motar ta mutu bai farke ba.

Rana ta uku ta ƙananan abubuwa ce, kuma ita na fi so har yau. Rufin ciki na fara, domin daga sama ake farawa a gangaro, da tsumma mai ɗan ɗanshi kawai don kada gam ya saki yadin ya zazzago. Sai gaban mota inda agogo suke. Kafofin iska na bi su da tsinken kaba da na naɗe da ƙyalle, ɗaya-ɗaya, ja-jan ƙura na fita. Na jawo ɗamarar kujera har ƙarshe na wanke na bar ta a miƙe ta bushe. Sitiyari na ɗauka baƙi ne, ashe toka-toka ne, gumin hannun shofer na shekaru ne ya rufe shi. Na wanke tapi na shanya a kan katanga. Gilashi ne ƙarshe, ciki da waje, da ruwan lemun tsami da tsohuwar takarda, har sai da na daina jin yatsa yana makalewa. A nan muka yi gardama da uwarku. Tun rana ta biyu take son ta sa turaren wuta, ni kuwa na hana, na ce turaren Bukar ne ya fara ɓata motar, ƙamshi a kan wari wari biyu ne. Na sa gawayi a kwano biyu na rufe motar tun azahar. Da la'asar na ce ta shiga ta zauna a rufe, in ta ji ko ɗan alamar mai ta faɗa. Ta shiga, ta daɗe, ta sunkuya ta shinshina ƙasan kujera, ta fito.

"Babu," ta ce. "Yanzu kuma ka matsa, lokacina ne."

Ta zuba yashi a faranti, ta ɗora kasko a kai da garwashi kaɗan, ta barbaɗa turarenta, muka rufe ƙofofi muna tsaye muna kallo ta gilashi har hayaƙin ya lafa.

Bukar ya zo kafin magariba. Ya buɗe ƙofa, ya tsaya, ya rufe, ya zagaya ya duba lambar motar, wai ko an canza masa. Sannan ya zauna a kujerarsa ya riƙe sitiyari ya yi ta dariya har da hawaye. Alhaji bai karɓi makullinsa ba. Bukar ya ja motar nan shekara shida bayan haka.

Daga nan abin ya kama. Bukar ba ya iya riƙe magana, cikin sati guda duk tasha ta ji. Aka fara kawo mini motocin da aka ɗauko kifi da tattasai, da na ma'aikatan da aka turo daga nesa, da motar da aka ɗauko mai naƙuda ta haihu a hanya, wadda kowa ya ƙi taɓawa. Madam Ramatu da ta ji, ta sa aka riƙa kawo motocin furoje duk ƙarshen wata, da rana tsaka, ta hanyar tasha. Ba ta taɓa gaya mini dalili ba, amma na gane, domin ba a kai wa ɓarawo mota a bar masa ita wuni guda. Maganar gazuwal ta yi sanyi a hankali, ko da yake har yau akwai tsofaffi biyu da suka riƙe ta, kuma na daina damuwa. Na kafa rumfa gindin dalbejiya. Da wannan rumfa kuka yi karatu, da ita aka yi aurenku. Tun ranar da na fita daga biro ban sake tayar da inji ba, ko don in matsar da mota inuwa. Mai ita ne ke matsarwa. Wani lokaci idan ina goge sitiyari ina zaune a kujerar gaba, nakan ji kewar hanya ta taso mini, musamman da farkon damina lokacin da hanyar Kelle take yin kore. Nakan bar ta ta wuce, in ci gaba da guga. Idona kuma, alhamdulillahi, maganin ya riƙe abin da ya riƙe.

Amma ranar da nake son ku sani ita ce washegarin da Bukar ya ɗauki motarsa. Ya rantse sai ya kai mu Bune ni da uwarku, mu gaida yayarta da ta daɗe ba ta gani ba. Muka shirya da safe muka tafi tasha. Wannan ne karo na farko da na taka tashar tun da na bar aiki, kuma na ji idanu a bayana. Muka zauna a kujerar baya, wadda uwarku ta ɗinke. Ɗan kamasho yana kiran Bune, Bune, mutane suna tahowa da shakka, domin sun san motar. Wani ya leƙo da hannu a hanci, sai ya sauke hannun, ya kira ɗan uwansa ya zo ya ji. Kafin a jima saura wuri ɗaya.

Sai ga wata tsohuwa da ƙullin kaya a ka, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya. Ɗan kamasho ya karɓi kayan ya buɗe mata ƙofa. Ta ɗaga ƙafa za ta shiga, sai ta tsaya. Ta dubi tapi, ta dubi kujeru, ta ja numfashi. Sannan ta koma da baya, ta tuɓe takalmanta, ta buga su da juna, ta riƙe a hannu, ta yi sallama ta shigo.

"Iya, ai mota ce, ba ɗaki ba," in ji Bukar.

"Na sani, ɗana," ta ce tana gyara zama. "Amma wani ya sha wahala a nan."

Babu wanda ya gaya mata ko wane ne. Uwarku ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa don dariya, ta sa gwiwar hannu ta zungure ni. Bukar ya tayar da mota muka kama hanyar Bune, tsohuwar tana rungume da takalmanta a cinya har muka isa.